Me ya haɗa masanin tsirrai da mulkin mallaka?

Tambaya: Malam, na ga wani tsohon zanen Bature, Joseph Banks, ya yafa mayafin ƙabilar Mawori ta New Zealand. An ce masanin tsirrai ne, amma kuma ana danganta hoton da mulkin mallaka. Ina ruwan mai tsinkar ganye da cin ƙasa?

Amsa: Ɗan'uwa, sake duba hannunsa. Benjamin West ne ya zana hoton bayan Banks ya dawo daga tafiyar da ya yi da Kyaftin Cook a jirgin ruwa na Endeavour, wadda ta kai su har New Zealand, daga 1768 zuwa 1771. Yatsarsa na nuna bakin mayafin, a ƙasa kuma ga littafi buɗe da zanen tsiron da aka saƙa mayafin da zarensa, wata ciyawa mai dogon ganye da ake sarrafawa kamar rama. Ba kwalliya yake nunawa ba, haja yake tallatawa. A lokacin jiragen yaƙin Ingila da iska suke tafiya, ga su da cin igiya da ƙyalle, zaren kuwa yawanci daga Rasha ake sayowa. Duk wanda ya samo wa sarki wata hanyar, ya zama ɗan gaban goshi.

Tallar ta karɓu. A 1788 Ingila ta kafa sansani a tsibirin Norfolk da ke tekun Pasifik, inda wannan tsiro ke fitowa, kuma yana cikin dalilan. Sai dai fa an samu ganye, an rasa gwanin sarrafa shi. A 1793 aka sato maza biyu 'yan Mawori, Tuki da Huru, don su koyar da aikin, ashe a wurinsu sana'ar mata ce, abin da suka sani bai taka kara ya karya ba. A ganina babban laifin hoton ke nan: ga mayafi a kafaɗar Banks, amma babu ko alamar matan da suka saƙa shi.

Hannun Banks ya iso har yankinmu. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar binciken Afirka a 1788, wadda ta turo Mungo Park ya isa kogin Kwara a Segu, cikin ƙasar Mali ta yanzu, a 1796. Ɗorawar da muke daddawa da kalwarta, sunan Park aka laƙaba mata a littattafan kimiyya, Parkia biglobosa.