Yara uku a kan kabu-kabu ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina zaune a Mabera, ɗiyana uku, babbar shekararta 9, autan 5. Makarantarsu tana wajen Gawon Nama. Babansu tun asuba yake fita kasuwa, sai in tare ɗan kabu-kabu in aza su duka. Kwanan baya hijabin babbar ya shiga tayar baya, Allah ya taƙaita, yagewa kawai ya yi. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, ga shi ba mu da mota. Ina mafita?
*Wata uwa daga Mabera*

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ƙara tsarewa. Da na zo kan zancen hijabin nan sai da gabana ya faɗi. Lokacin da nake koyarwa a wata firamare na ga irinsa da idona, ita kam waccan wuyanta ya shaƙe, ya fizgo ta ƙasa. Makonni ta yi ba ta leƙo aji ba.

Ba zan ɓoye miki ba, uku a mashin ɗaya ganganci ne. Autan nan da ake azawa a kan tanki, birki ɗaya aka taka shi ne zai fara cin ƙasa. In ta kama dole a hau, babbar ta tattare hijabin ta zauna a kansa, kada ko leɓatu ya sauko. Salansa kuma tana gefen dama. Tabon ƙuna nawa na gani a ƙafafun ɗalibaina, ban iya ƙirgawa.

Ni dai keke Napep na fi natsuwa da shi, amma ba kowane aka tare a bakin titi ba. Ki nemi maƙwabta biyu da yaransu ke bin hanyar, ku haɗa kuɗi ku ɗauki mutum ɗaya, a riƙa biyansa a wata. Ku san gidansa da tasharsa, ki rubuta lambar keken. Ƙarami ya zauna a tsakiya, kada a yarda a ɗosana yaro kusa da direba, kuma a sauka ta dama, gefen da ba motoci.

Dawowa ce ta fi damuna. Da safe kina tsaye kina kallo. Amma lokacin tashi, a ranar Afrilun Sakkwato da zafi ke haura digiri 40, yaro ya gaji ga ƙishirwa, duk wanda ya ce "babanku ya aiko ni" zai iya binsa. Ki je da ƙafarki ki nuna wa malamar aji da maigadi wanda zai riƙa ɗaukarsu. Babbar ta haddace lambar wayarki kamar yadda ta haddace Ƙulhuwallahu.

Ranar da mai keke ya makara kuma? Su zauna cikin makaranta, kada su kama hanya. Ɗan shekara 5 bai iya auna gudun mota ba. Babbar ma ki gwada mata tsallaka titi ranar Asabar: tun 1972 hannun dama muke tuƙi a Najeriya, saboda haka hagu za ta fara dubawa, sai dama, ta sake duba hagu. Ki ƙara mata da cewa 'yan kabu-kabunmu na saɓa hannu, ta ko'ina suna iya ɓullowa.

Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, ki ajiye a wayarki, ki ba mai keken ma. In kun daidaita da maƙwabtan, ki rubuto min in ji yadda kuka ƙare.