Tambayoyinku kan fasaha: Wa ya ce ku buɗe wa duniya sabarku ta imel?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu guda, wato yadda ake nuna wa sabar imel (kwamfutar da ke karɓar saƙonni tana aika su) hanyar da za ta bi da saƙo. Duk masu tambayar da Postfix suke aiki, manhajar da Wietse Venema ya rubuta, aka fitar da ita a 1998. A misalan da ke ƙasa, inda kuka ga example.com ku sa sunan domen ɗinku.

Tambaya: Na kafa Postfix a sabar da na yi haya a intanet. Saƙo yana shigowa lafiya, amma wanda na aika ba ya fita. Log, wato kundin da saba ke rubuta abin da ya faru, yana ta cewa "Connection timed out". Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, sabarka lafiyarta ƙalau, kamfanin da ya ba ka haya ne ya toshe ƙofa (port) ta 25 ta fita, wadda sabobin imel ke tura wa juna saƙo ta cikinta. Yawancinsu haka suke yi don gudun masu watsa saƙonnin banza. Ko dai ka roƙe su su buɗe, ko ka miƙa saƙonninka ga wani kamfanin aika imel ta ƙofa ta 587. Ni na biyun nake ba da shawara, don ya fi kwanciyar hankali. A cikin main.cf, babban fayil ɗin saitin Postfix:

relayhost = [smtp.example.com]:587
smtp_sasl_auth_enable = yes
smtp_sasl_password_maps = hash:/etc/postfix/sasl_passwd
smtp_sasl_security_options = noanonymous
smtp_tls_security_level = encrypt

A fayil ɗin sasl_passwd, inda za ka rubuta suna da kalmar sirrin da kamfanin aika imel ɗin ya ba ka, abin da ke hannun hagu dole ya zama daidai da abin da ka rubuta a relayhost, har da baka mai kusurwa da lambar ƙofa. Harafi ɗaya ya bambanta, Postfix ba zai miƙa kalmar sirri ba. Ka yi masa postmap, umarnin da ke samar da fayil ɗin .db da Postfix ke karantawa, ka kulle shi da chmod 600, shi da fayil ɗin .db da ya haifa. In log ya ce "no mechanism available" a Debian ko Ubuntu, libsasl2-modules ne ba ka saka ba.

Tambaya: A ofishinmu akwai na'urar kwafi da ke tura takardun da aka yi sikanin ta imel. Saba ta riƙa ƙin karɓa, tana cewa "Relay access denied". Wani abokina ya ce in sa mynetworks = 0.0.0.0/0. Na sa, ya yi aiki. Yanzu kuma Gmail ya daina karɓar saƙonninmu, saba ta yi nauyi ƙwarai. Me ya faru? Daga Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, tashi ka je ka goge wannan layin, ka buga postfix reload, sannan ka dawo. Abokin nan naka kuwa, ka ci gaba da zumunci da shi, amma kada ya sake zama a gaban sabarka.

Babu kuskuren da ke ci mini rai a harkar imel kamar wannan. mynetworks jerin adireshin da saba ta amince da su ne ba tare da ta tambayi suna ko kalmar sirri ba. Duk wanda ke cikinsa zai iya ba ta saƙo zuwa ko'ina a duniya, ita kuma ta kai da sunanku. Ma'anar 0.0.0.0/0 kuwa kowane adireshin IPv4 da ke doron ƙasa. Saboda baƙo ɗaya da ya kasa shigowa, kun ciro ƙofar zauren gaba ɗaya kun jingine. Akwai kwamfutoci da ba su da aiki dare da rana sai laluben ƙofa ta 25 a intanet, suna gwada ko akwai sabar da za ta karɓi saƙon da ba nata ba. Da zarar sun samu, sai su fara ɗura mata saƙonnin damfara. Nauyin da kake ji daga nan yake. Masu tattara sunayen sabobin da ke watsa shara, irin su Spamhaus, sun riga sun rubuta adireshinku, manyan masu karɓar imel kuma su ma suna da nasu ma'aunin da suke gane irin wannan.

"Relay access denied" ɗin da ya dame ka ba lalacewa ba ce, saba ce take aikinta. Tun daga Postfix 2.10 aka ware smtpd_relay_restrictions don wannan kawai, kuma yadda ya zo daga masana'anta ya isa: a bar na cikin mynetworks, a bar wanda ya shiga da kalmar sirri, a hana kowa bayan su. Abin da ya kamata ka yi tun farko shi ne ka ba na'urar kwafin adireshi tsayayye, ka ƙara ita kaɗai:

mynetworks = 127.0.0.0/8 [::1]/128 192.168.1.50/32

Ka lura da /32, wanda ke nufin adireshi ɗaya tak. Ba na son ma a sa 192.168.1.0/24 gaba ɗaya, wato duk na'urorin da ke kan layin ofis, domin duk wayar baƙon da aka ba kalmar sirrin Wi-Fi, da duk kwamfutar sakatare da ta kamu da ƙwayar cuta, sun zama amintattu ke nan. Akwai kuma tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Wasu rauta, wato na'urorin da ke haɗa ofis da intanet, in suka tura ƙofa ta 25 zuwa saba a cikin ofis, suna sauya adireshin mai shigowa da nasu. Sai saba ta ga kowa daga 192.168.1.1 yake zuwa, wanda yake cikin /24 ɗin da ka amince da shi. Ga shi ba ka rubuta 0.0.0.0/0 ba, amma sakamakon ɗaya ne. Masu gudanar da Postfix a cikin Docker, manhajar da ke killace wata manhaja a cikin akwatinta, su ma su duba wannan da kyau. Buɗe log, nemi layukan "connect from". In duk baƙi da adireshi ɗaya na cikin gida suke bayyana, ka faɗa tarkon.

In na'urar ta iya shiga da suna da kalmar sirri, wannan ya fi komai: ka buɗe submission, wato mashigar masu kalmar sirri, a fayil ɗin master.cf, ka yi mata akawun nata ita kaɗai a ƙofa ta 587, ka bar mynetworks da adireshin saba kawai. Ranar da aka sace kalmar, akawun ɗaya za ka rufe.

Saura shara. Kada ka yi gaggawar buga postsuper -d ALL, domin zai haɗa da takardun kuɗin da akantanku ya aika jiya suna jiran fita. Fara da postsuper -h ALL, wanda zai tsare komai a layi ba tare da ya goge ba. Duba jerin da postqueue -p, ka leƙa cikin saƙo da postcat -q da lambarsa. Na banzan ba sa ɓuya, za ka ga mai aikawa da ba naku ba da masu karɓa rututu. Ka saki naku na gaskiya da postsuper -H da lambar kowane, sannan ka goge ragowar da postsuper -d ALL hold.

Bayan nan ka gwada daga waje, ba daga cikin ofis ba. Da manhajar gwaji irin swaks ko telnet, ka nemi sabarku ta kai saƙo daga wani adireshin waje zuwa wani adireshin waje. Amsar da kake so ita ce waccan da ta ba ka haushi, "Relay access denied". Sai ka ga wannan sannan ka je shafin Spamhaus ka nemi a cire ku. In ka nema kafin ka toshe ɓarakar, za a sake mayar da ku. Gmail kuma ba shi da maɓallin yafiya, sai ya ga saƙonninku sun tsabtata na wani lokaci kafin ya sake sakin jiki da ku. Ka faɗa wa shugaban ofis gaskiya tun yanzu, don ya san dalilin da wasu wasiƙu za su yi jinkiri.

Tambaya: Na gyara /etc/postfix/transport, teburin da ke nuna hanyar saƙon kowane domen, amma saƙo yana bin tsohuwar hanya. Na kashe saba na kunna har sau uku. Daga Maraɗi.

Amsa: Ko sau talatin ka kunna, Postfix ba ya karanta wannan fayil, transport.db yake karantawa. Buga postmap /etc/postfix/transport. Ka tabbatar da postmap -q example.com hash:/etc/postfix/transport. In sabarka ba ta san nau'in tebur na hash ba, postconf -m zai nuna maka abin da ta sani, galibi lmdb.

Tambaya: Muna da hedikwata da reshe, kowanne da sabarsa. Ina so saƙon reshe.example.com ya shigo ta hedikwata sannan ya wuce reshe. Sai saƙo ya dawo da "loops back to myself". Daga wata mai kula da kwamfutoci a Sakkwato.

Amsa: Hajiya, ina kyautata zaton baka mai kusurwa kika manta. In kika rubuta sunan saba tsirara a transport, Postfix zai je DNS, kundin sunayen intanet, ya nemi MX na sunan, wato bayanin sabar da ke karɓar imel ɗinsa. MX ɗin kuwa hedikwata yake nunawa, sai saba ta ga an ce ta miƙa wa kanta, ta ƙi. Bakan nan yana nufin kada a nemi MX, a tafi kai tsaye:

reshe.example.com smtp:[10.8.0.2]:25

Sai ki sa domen ɗin a relay_domains, ki tabbata ba ya cikin mydestination, in ba haka ba hedikwata za ta ɗauka nata ne ta riƙa neman masu akwatin a gida. Postfix yana duba teburin daga na musamman zuwa na gama-gari: cikakken adireshin mutum, sannan domen, sannan domen mai ɗigo a gaba wanda ke kama 'ya'yansa, sannan tauraro (*) wanda ke kama sauran duka. Don haka in ma'aikaci ɗaya ya koma hedikwata, layi ɗaya da cikakken adireshinsa zai rinjayi na domen. Abin da ke transport kuma yana gaba da relayhost.

Kada ki bar relay_recipient_maps babu komai. In hedikwata ba ta da jerin sunayen mutanen reshe, za ta karɓi saƙo zuwa kowane suna da aka ƙirƙira, reshe ya ƙi, ita kuma ta mayar da sanarwar ƙi ga adireshin da ɗan damfara ya ara. Mutanen da ba su ji ba ba su gani ba za su cika da sharar da ta fito daga gare ku. In wuta ta ɗauke a reshe kada ki damu, hedikwata za ta riƙe saƙo tana sake gwadawa har kwana 5, wanda shi ne adadin maximal_queue_lifetime na asali. Reshe na dawowa, postqueue -f zai tura su nan take.

Tambaya: Sabata ba a buɗe take ba, amma Gmail yana mayar da saƙonnina, ko ya jefa su cikin spam. Daga Kumasi.

Amsa: Hanyarka daidai ce, shaida ce ba ka da ita. Tun Fabrairun 2024 Gmail yake bukatar kowane mai aikawa ya samu SPF (jerin sabobin da domen ya yarda su aika da sunansa) ko DKIM (sa hannun lantarki a kan saƙo), da PTR (bayanin da ke mayar da adireshin IP zuwa suna) mai inganci, masu aika saƙo 5,000 a rana kuma sai sun haɗa SPF da DKIM da DMARC (umarnin abin da za a yi da saƙon da ya faɗi gwajin waɗannan biyun) duka. Ni ina ganin ko saƙo goma kake aikawa ka yi ukun. PTR ba a shafin domen ake sa shi ba, wajen mai adireshin IP ake nema, kuma ya dace da myhostname, sunan kuma ya koma kan adireshin. In kana fita ta relayhost, sabobin wancan kamfanin ne za su shiga SPF ɗinka, tunda su duniya ke gani. SPF guda ɗaya tak ake sa wa domen, kuma kada binciken DNS da ke cikinsa ya wuce 10.

Masu turo tambaya, don Allah ku riƙa haɗowa da abin da postconf -n ya fitar, da layin log na saƙon da ya maƙale, wanda ke ɗauke da relay= da status=. Yana /var/log/mail.log a Debian da Ubuntu, /var/log/maillog a dangin Red Hat. Ku goge kalmar sirri da adireshin mutane kafin ku turo.