Iroko muka shirya, farin katako ya kafa min

Wata Hajiya daga unguwar Yantala a Yamai ta rubuto cewa ta ba kafinta aikin ƙofofi masu sassaƙen dagi da matakalar bene mai lanƙwasa, a kan miliyan 4, da sharaɗin iroko zai sa. Ta biya miliyan 2 da rabi kafin alƙalami. An kafa ƙofofin, ashe farin katako ne aka shafe da jan fenti. Matakala kuwa har yau shiru.

Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Abu na farko, kada ki bari kowa ya cire ƙofofin nan ko ya kankare su. Su ne shaidarki. Ki kira wisiye, ma'aikacin shari'a mai rubuta abin da ya gani da ido, ya zo ya ɗauki hotuna. In da hali ki haɗa shi da wanda ya san katako, ko daga ƴan kasuwar Katako ne, ya duba goshin ƙofa ta sama inda fenti bai cika kaiwa ba. Iroko yana da nauyi, gara ba ta cika taɓa shi ba. Farin katako kuwa farce ma yana shiga jikinsa.

Sai ki tattara abin da zai nuna kalmar iroko ta fito daga bakinsa: takardar ƙiyasin aiki, zanen, rasit, saƙonnin WhatsApp har da na murya. A aikin da aka ƙera wa mutum shi kaɗai, nan shari'a take tsayawa ko ta faɗi, don babu irinsa a kanti balle alƙali ya gwada.

Doka tana bayanki. Aya ta 1134 ta kundin dokar farar hula na Nijar ta ce yarjejeniya doka ce a kan waɗanda suka ƙulla ta. Wisiye ya kai masa takardar gargaɗi da wa'adi a rubuce. In ya ƙi, aya ta 1184 ta ba ki zaɓi a gaban alƙali: a tilasta masa ya cika aikin, ko a warware yarjejeniyar ya maido kuɗi da diyya. Aya ta 1144 kuma tana bari kotu ta yarje miki wani kafinta ya ƙarasa a kan aljihun kafintan farko, amma izinin yake zuwa kafin aikin. Ragowar miliyan 1 da rabi ki riƙe abinki.

Na san ƴan uwa za su ce a kai shi komisariya, wato ofishin ƴan sanda. Ban ba ki wannan shawara ba. Galibi saɓa alkawarin aiki ƙarar farar hula ce, kuma kafinta a tsare ba ya fere katako.

In hannunsa na da kyau, ni sulhu na fi so miki, domin masu iya matakala mai lanƙwasa ba su da yawa. A rubuta shi dalla-dalla: sunan katako, kaurinsa, ranar miƙa aiki, biya kashi-kashi, kuma ki ga katakon da idonki kafin a shafa masa komai.