Me ya sa kamfanin siminti yake daji, na lemo kuma a cikin gari?

Malam, ka tambayi abin da ya kai kamfanonin siminti ƙauyuka irin su Ashaka da Kalambaina da Malbaza, alhali masu yin lemon kwalba suna cikin Kano. Maganar duk ta kuɗin dako ce.

Dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi nauyi gare shi, kuma idan aka gasa shi a wuta mai tsanani, wani kaso nasa yakan fice a matsayin iska. Kusan tan 1 da rabi na kaya ake zubawa kafin a sami tan 1. To wa zai biya tirela ta kwaso abin da zai bi iska? Gara a kafa injin a bakin ramin dutsen, a yi dakon buhunan kawai.

Lemo kuwa yawancinsa ruwa ne, ga nauyin kwalba, don haka kusa da masu sha ya fi riba.

Wani Bajamushe, Alfred Weber, ya tsara wannan lissafi a 1909. A ganina a ƙasarmu sai an ƙara da wutar lantarki, domin tsadarta na cikin abin da ya durƙusar da masaƙun Kaduna, duk da auduga tana kusa, a Funtuwa.