Sabon ma'aikaci ya fi kowa iya sofbol: ina za a sa shi?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kai ne kyaftin ɗin ƙungiyar sofbol (wasan ƙwallo da sanda mai kama da besbol) ta kamfaninku a Amurka, an ɗauki wani matashi aiki wanda ya buga besbol a makaranta, wasa uku kacal ya yi amma ya ɗauke hankalin kowa, kana tambayar inda za ka ajiye shi da yadda za ka bi da shi har kakar ta ƙare.

Fara da takarda kafin fili. Yawancin gasannin ma'aikata suna da ranar rufe rajistar 'yan wasa, wasu kuma sai mutum ya buga adadin wasanni kafin a bar shi ya shiga zagayen fitar da gwani. Duk wanda ya yi fice, shi abokan hamayya ke fara bincika ko ma'aikacinku ne na gaske ko haya kuka yi. In sunansa bai shiga ba, ana iya ƙwace muku wasannin da kuka ci. Duba sandarsa ma: ta besbol ba ta halatta, sai mai tambarin da gasarku ta yarda da shi, na hukumar wasan, USA Softball ko USSSA. Takalmi mai ƙusar ƙarfe kuma ya bar shi a gida.

A tsaron fili, mutum 10 ake sawa a irin wannan sofbol na jifan sannu. Wurare biyu ne ƙwallo ta fi zuwa, don yawancin masu bugu na-dama ne, kuma suna jan ta zuwa hagu: tsakanin tasha ta 2 da ta 3 (tashoshi su ne wuraren da mai bugu ke gudu ya taka bayan ya buga ƙwallo), sai bayan fili ɓangaren hagu zuwa tsakiya. In hannunsa ne mai kyau, sa shi tsakanin tashoshin nan biyu. In gudu ne da shi, tura shi baya. Kada ka ɓata shi a wurin jifa, ƙarfin damtse ba ya aiki a can, tunda lilo ake yi wa ƙwallon ta tashi ƙafa 6 zuwa 10, wasu gasannin har 12.

Amma ga inda ake samun matsala. Wanda ya saba da besbol yana harba ƙwallo kamar harsashi, wanda ke tsaye a tasha ta 1 kuwa wataƙila akawu ne ɗan shekara 50 da bai taɓa sa safar kamun ƙwallo ba sai bana. Ko dai ta wuce shi masu gudu su ƙara tasha, ko ta same shi a fuska. Ka haɗa su minti 10 kafin kowane wasa su yi ta jifa da kamu, ya riƙa auna ƙirji, ya rage ƙarfi. Tazarar tashoshi ƙafa 65 ce ko 70, yana da lokaci fiye da yadda yake zato.

A jerin bugu, na 3 ya fi dacewa da shi, ka sa mutum biyu masu yawan isa tasha a gabansa. Kada ka yi mamaki in ya yi makonni yana ɗaga ƙwallo sama ana cafkewa. Ƙwallon mai inci 12 tana saukowa ne a hankali, shi kuma jikinsa ya saba da sauri, sai ya riga ta, ya bugi ƙasanta. Maganin shi ne ya bar nauyinsa a ƙafar baya, ya jira ta sauko daidai ƙirji zuwa ƙugu, ya bugi tsakiyarta. A gasanni da yawa kuma ana shiga bugu da lissafin 1 da 1 tun farko, wato an riga an ƙirga jifa mara kyau ɗaya da kuskuren bugu ɗaya, ba wurin dogon zaɓe.

Ka tambayi alƙali iyakar bugun tsallake shinge. Ƙananan rukunai suna ƙayyade shi, wanda ya haura adadin kuma fita ake lissafa shi. Asara ce ya ƙone muku kason a zagaye na 1 ba kowa a tasha. Ya adana shi sai tashoshi sun cika. Kuma ka faɗa masa baki da baki kada ya riƙa bugawa ta kan mai jifa: ƙafa 50 ce kawai tsakaninsu, mutumin kuma gobe da safe yana da aiki.

In gasar ta maza da mata ce, abokan hamayya za su fara ƙin jefa masa mai kyau don ya wuce tasha a ƙafa ba tare da ya buga ba. A dokar da aka fi bi, namijin da aka yi wa haka tasha ta 2 yake zarcewa. Saboda haka sa macen da ta fi iya bugu a bayansa, su ga ba riba.

Saura zancen mutane. Tsofaffin 'yan ƙungiya da suka yi shekaru ana lallasa su ba su gudu ba, su ne za su ji haushi in aka ture su saboda baƙo. Wanda za ka ɗauke daga wurinsa, ka kira shi gefe tun kafin ranar wasa, kada ya gani a takardar jeri. Shi kuma yaron ka ja masa kunne: ƙwallon da ta nufi wani ya bar masa ita ko da zai yar, ya tsaya a bayansa kawai ya tare in ta kuɓuce.