Shin ana shirya sakamakon ƙwallon Amurka tun kafin a buga?

Tambaya: Malam, ƙanena a Marwa ya kamu da kallon NFL, ƙwallon Amurkan nan ta masu hular kwano, har yana hana idonsa barci. Na ce masa duk shiri ne, alƙalan wasa ke zaɓar mai ci. Wa ke da gaskiya? Daga mai karatu a Garwa.

Amsa: Ɗan'uwa, ban yarda shiri ba ne, amma ruwa ba ya tsami banza. A Janairun 2019, ɗan wasan Los Angeles Rams ya banke na New Orleans Saints tun ƙwallo ba ta iso hannunsa ba. Alƙalai bakwai a fili, babu wanda ya jefa ƙyallen rawaya da ke nuna an yi laifi, Rams suka wuce Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar. Shugaban gasar, Roger Goodell, ya amsa cewa kuskure ne. Aka fara duba irin wannan laifi a bidiyo, bayan kaka ɗaya aka daina.

Ni caca ce ta fi damuna. Tun 2018 da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe ƙofar caca a kan wasanni, kuɗi suka kwararo, har aka dakatar da ɗan wasa Calvin Ridley kakar 2022 ɗungurungum saboda ya yi caca a kan wasannin NFL. Ƙyale yaron ya kalla, amma ka lura kada ya fara zuba kuɗinsa ta waya.