Tambaya da Amsa: Doguwar Kyamara a Filin Kokowa

Tambaya: Malam, ina ɗaukar hotunan kokowa a Maradi da gilashi mai jawo nesa na milimita 150 zuwa 600. Na sayi sandar kyamara mai ƙafa ɗaya, amma hotunan suna fitowa dishi-dishi. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, fara duba inda ka ɗaura sandar. Gilashi irin naka ya kai kusan kilo 2, don haka a zoben da ke jikinsa ake ɗaura ta. In ka ɗaura a gindin kyamara, nauyi zai rinjaya gaba, bakin kyamarar, inda gilashin ke haɗuwa da ita, ya galabaita.

Sai tsayuwa: buɗe ƙafafunka, sandar na gabanka, ka danne gilashin da hannun hagu, ka manna kyamarar da goshinka.

Na'urar hana girgiza, wadda Canon ke kira IS, Nikon kuma VR, ka bar ta a kunne, domin sanda tana hana motsin sama da ƙasa ne kawai, gefe da gefe na nan. Danna maɓallin ɗaukar hoto rabi, jira hoton ya natsu, sannan ka ƙarasa. Amma fa girgizar hannunka na'urar take gyarawa, ba ta tsayar da ɗan kokowa. Nan yawanci ake kuskure. Lokacin kaye, saurin ɗauka kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa. In haske ya ragu da yamma, ƙara ISO, wato ma'aunin da ke ƙara wa hoto haske a kyamara.

Ƙurar hunturu kan cushe makullan sandar har ta riƙa zamewa. Goge su da busasshen tsumma, kada ka sa mai.